Ledar da Na Tattake a Kan Iyaka

Tun da na dawo daga Maraɗi ba a bar ni na sha shayi lafiya a majalisarmu ta bakin kasuwar Danja ba. Wannan ya ce, "Garba, da gaske burodinsu kamar sanda yake?" Wancan ya ce, "An ce sai da ka yi Faransanci suka bar ka ka wuce." Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma duk sanda na bayar akwai wurin da nake tsallakewa. To yau zan faɗe shi daga farko, har da wurin da nake tsallakewar.

Wanda bai san ni ba, sana'ata ɗurin auduga ce. Idan kaka ta yi aka tara auduga, ni ake kira. A buɗe bakin buhu, in shiga ciki, ana zubo mini ina tattakewa, har buhun ya miƙe tsaye ya yi tauri, ka buga masa hannu ka ji kamar bango. Na fi shekara ashirin ina wannan, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a kai. A ganina babu kayan da zai ƙi shiga buhu muddin ƙafata ta hau kansa.

Yayana Lawal shi kuma mai lambu ne, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Rijiyar lambunsa irin mai tsattsafowa ce, inji ya ja kaɗan ta ƙafe, sai a zauna jira. Da yana da ƙarfi yakan ciko daga rafi, amma yanzu gwiwa ta hana shi. Sai ya yi shawarar abin da ya ji masu lambun Nijar na yi: a haƙa rami mai faɗi, a shimfiɗa baƙar leda a ciki, a riƙa tara ruwan rijiya a hankali har ya ishi ban ruwa. Ya sa aka haƙa ramin, ya yafa irin tumatir, irin ya tsiro ya yi kyau. Saura kwana goma sha biyu a dasa, ledar ce babu. Wadda ake samu a Funtuwa faɗinta bai kai ba, sai an haɗa ƙyalle da ƙyalle da wuta, kuma wanda Yaya ya yarda da hannunsa mutum ɗaya ne, Malam Isuhu na Maraɗi, wanda ya taɓa yin cin rani shekara uku a lambunsa.

Yaya ya ce, "Garba, ni ƙafar nan ba za ta kai ni ba. Kai za ka je. Noman ranina gaba ɗaya yana cikin ledar nan."

Na ce, "Yaya, leda ce fa. In auduga ta bi ni, ita wace ce?"

Na ɗauki babban buhuna na auduga na ninke shi a jaka, don ban taɓa tafiya ba shi ba.

A tashar Funtuwa na shiga motar Katsina, aka zaunar da ni kusa da wata mata mai jiki, da ɗankwali ɗaure irin na mutanen kudu. Na gaishe ta da 'yar Hausar da muke yi wa baƙi, a hankali, kalma-kalma. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, lafiya kake magana kamar mai ciwon haƙori?" Motar duk ta kwashe da dariya. Ashe a Funtuwa aka haife ta, uwarta ma a nan ta yi kasuwanci har ta tsufa. Maman Ifeoma ake ce mata, tana da rumfar ledoji da robobi a kasuwa, kuma ita ma Maraɗi za ta sarin kaya. Kafin mu kai Bakori ta san sunan matata da abin da ya kai ni Nijar, ni kuwa ban san komai nata ba sai cewa ba ta son a buɗe gilashi.

Mun wuce Malumfashi lafiya, can gaba taya ta sace. Direba ya fito da safaya, ita ma ba iska. Muka zauna gindin wata bishiya muna cin dafaffiyar gyaɗa, wani dattijo da ke cikinmu yana ta ba direban shawarar da ba a tambaye shi ba, har aka je aka gyaro tayar aka dawo da ita a kan babur. Saboda haka sai bayan azahar muka shiga Katsina, muka canja mota zuwa Jibiya.

Kan iyaka da zuwa bai ba ni wahala ba. Na nuna katina, wani jami'i ya tambaye ni da Faransanci, na tsaya ina kallonsa, shi ma yana kallona, can ya yi murmushi ya ce, "Ina za ka, baba?" da Hausar da ta fi tawa daɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba abin mamakin. Gonakin iri ɗaya, rumbuna iri ɗaya, awakin ma ba su canja ba. Sai allunan bakin hanya da ba na iya karantawa, da 'yan acaɓa da suka koma 'yan kabu-kabu.

Malam Isuhu dogo ne siriri, ba ya gaggawar komai, har gaisuwa. Ya tambaye ni Yaya, da gwiwar Yaya, da rijiyar, da wata bishiyar gwaiba da ya dasa da hannunsa, wadda ni ban ma san tana nan ba. Ya sauke ni a ɗakin zaurensa. Da na ce masa ni Bakatsine ne sai ya yi dariya ya ce, "Ku dai kuna tsaron gida. Katsinawan gaske mu na, nan munka taho da Katsinar." Ban yi musu ba, ina cin tuwonsa.

Abinci kuwa ba laifi. Da safe aka kawo burodin nan da kuke tambaya. Gaskiya ne, dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, sai da ya kankare mini dasashi kafin na gane tsoma shi ake yi a ruwan zafi. Da rana dambun zogale da ƙuliƙuli, da fura mai kyau wadda ban sha irinta ba tun rasuwar innarmu. Shayinsu ne ya gwada haƙurina. Mu nan a zuba maka kofi guda ka sha ka tashi. Su kuwa ɗan mitsitsin kofi, na fari mai ɗaci, a sake ɗorawa, na biyu, a sake ɗorawa, na uku. Na sha na fari na miƙe zan yi godiya, Malam Isuhu ya kama rigata ya ce, "Zamna, ba a tashi bisa na hwari."

Washegari muka je rumfar aikinsa. Na ga yadda yake haɗin: ya ɗora bakin ƙyalle a kan bakin ɗan'uwansa, ya rufa takarda, ya bi da dutsen guga mai zafi a hankali, sai su zama abu ɗaya. Ledar Yaya ya riga ya gama ta, baƙa, sumul, tana ƙyalli, faɗinta ya cika filin rumfar. Ya ba ni guntayen ledar a wata jaka ko da za a bukaci faci wata rana.

Sai aka zo ninki, a nan na fara ƙosawa. Ya sa aka share ƙasa sau biyu. Ya sa kowa ya cire takalmi. Shi da maƙwabtansa uku suka kama gefe-gefe, suka ninka ta a tsawonta, suka shafe da tafin hannu iska ta fita, suka sake ninkawa a tsawon dai, ba su taɓa ninka ta ta faɗinta ba. Da ta zama doguwa siririya sai ya kawo wani bututun roba mai kauri ya fara naɗe ta a jikinsa, yana naɗi yana shafawa. Na ce, "Malam, da ka bar ni da ita da tuni tana cikin buhu."

Ya ce, "Garba, leda tana yarda ta lanƙwashe waje guda. Dibi." Ya ɗauki wani guntu ya naɗe shi, ya sake shi, ya koma sumul. "Amma in ka ce ta lanƙwashe nan, ta kuma lanƙwashe can lokaci guda, ba ta iyawa. Sai ta yi tsini. Wurin tsinin nan duk wahalar taka taruwa."

Na gyaɗa kai kamar na fahimta. A raina kuwa cewa nake mutanen nan komai sai sun yi masa shayi uku. Abin da ban iya musantawa ba shi ne, ledar da ta cika rumfa ta koma naɗi guda da na rungume na saɓa a kafaɗa.

Mun yi da Maman Ifeoma za mu koma tare, muka kuwa haɗu a tasha da hantsi. Muka wuce ɓangaren Nijar. A namu ɓangaren aka ce kowa ya sauke kayansa. Ita ta shiga ofis da takardun kayanta, ni kuma wani jami'i ya zo ya taɓa naɗin ya ce me ke ciki. Na ce leda. Ya ce cikin naɗin fa? Na ce bututu. Ya ce a warware ya gani. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ne, kuma da ni ne shi ni ma zan so in gani. Muka warware ta a gefen titi, ya leƙa cikin ninkin ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa bututun, ya ce in tafi.

Kafin in sunkuya iska ta shiga ƙarƙashinta. Ninkin ya buɗe, ledar ta tashi ta kumbura, gefe ɗaya ya naɗe wani mai sayar da rake har da farantinsa. Muka kamo ta da ƙyar, ana dariya. Direba ya fara danna oda. Fasinjoji suna ta kira, kowa na son ya shiga Katsina ya samu motar gida da sauran rana, kun dai san hanyoyinmu, ba mai son yamma ta yi masa a kansu. Na duba, ba filin da aka share, ba mutum uku masu haƙuri. Sai hannuna ya tafi jaka da kansa ya zaro buhu.

Na tattaro ta na cusa. Ta shiga rabi ta tsaya. Na ce wa mai raken ya riƙe mini bakin buhun, na cire takalmi, na shiga. Wallahi a lokacin har daɗi na ji, na ce yau mutanen kan iyaka za su ga aikin Danja. Na yi ta tattaka. Auduga idan ka taka ta sauka take yi, ta kwanta, ta ba ka wuri. Wannan kuwa da farko ta sauka, daga nan sai ta fara gardama. Ina ƙara ƙarfi tana ƙara tauri, tana ƙara a ƙarƙashin ƙafata, ƙas-ƙas. Na yi tsalle a kanta sau uku. A ƙarshe abin da na saɓa a kafaɗa ɗazu ya cika buhun auduga har ya yi tozo, bakin ya ƙi ɗauruwa. Direba ya tura shi a but, ya danna murfin da gwiwa har ya kama.

Maman Ifeoma ta fito ta gan ni riƙe da bututu ba komai a jikinsa. Ta ce, "Ina ledar?" Na nuna but. Ta dafe kai ta ce, "Wayyo, Malam Garba. Ka kashe wa yayanka leda."

Na ce ai ba ta yage ba, na duba. Muka shiga, mota ta tashi. Ta zazzage kilishin da ta sayo a cinyarta, ta ɗauki takardar ta dunƙule ta a hannu ta miƙo mini. "Matse ta ta koma ƙarama kamar yadda take a ninke." Na matse iya ƙarfina, ta ƙi. Ta ce, "Ka gani? Yawancin abin da ke hannunka iska ce. Kowane kari da ka yi ya zama ginshiƙi, suna tokare juna. Shi ya sa ka ji tana ƙara tauri." Ta warware takardar ta ɗaga ta saitin gilashi. Duk inda kari biyu ko uku suka haɗu akwai ɗan tsini, wasu sun yi haske, biyu sun huje.

Ta ce, "Shekara nawa ina sayar da leda. Wadda aka ninke tana shekara a rumfa. Wadda yara suka cukurkuɗa, ka zuba mata ruwa ka gani. Kuma kari ba ya mantuwa, ko ka shimfiɗa ta yana nan."

Ta miƙo mini kilishi na ce na ƙoshi. Kunya ce ta cika mini ciki, da tsoro.

A tashar Katsina ita ta tsaya a kaina, ta samo mutum biyu, muka zaro ledar muka shimfiɗa a bayan masallaci. Ba ita ce wadda na baro Maraɗi da ita ba. Duk jikinta fararen layuka ne sun sassaɓa, ƙyallin ya tafi. Muka ninke ta yadda Malam Isuhu ya yi, muka naɗe a bututu, amma naɗin ya ninka na farko kauri. Da za mu rabu a Funtuwa ta ce, "Ka ɗaga ta a rana ka shiga ƙarƙashi, za ka ga hujin. Kuma ka gaya wa yayanka, ido huɗu ya fi biyu." Na ce to.

Ga wurin da nake tsallakewa. Ban gaya masa ba.

Na wuce da ita gidana na ce wa Yaya a waya mota ta makara, sai gobe. Da safe na baza ta a kan rumfar tsakar gida na shiga ƙarƙashi. Haske yana zubowa ta 'yan ƙofofi kamar bakin allura, nan ɗaya, can uku a jere. Na karɓi dutsen gugar matata, na yanka guntayen Malam Isuhu, na yi ta faci har la'asar. Ina ja, ina leƙawa, ina liƙewa. Matata ta ce, "Ka kira Yaya mana ku duba tare." Na ce ta bar ni, na gama da su duka. Rumfar ba ta kai faɗin ledar ba, gefe-gefe nake ja, kuma na san akwai inda na wuce da sauri.

Da na kai masa, Yaya ya shafa fararen layukan da yatsa, ya taɓa faci ɗaya. Ya ce, "Haka Isuhu ya ba ka ita?"

Na ce, "Haka take zuwa, Yaya. Wurin haɗi ne."

Ya ce, "To, hannunsa ya fara tsufa ke nan." Maganar nan ta soke ni, don na ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba, a bayan idonsa, bayan na ci tuwonsa kwana biyu. Duk da haka ban gyara maganar ba.

Muka shimfiɗa ta a ramin, muka kalmashe kusurwoyi, muka danne baki da ƙasa. Kwana shida ana tara ruwa har ya kusa cika. Yaya ya zauna a bakin ramin yana kallonsa yana murmushi, rabon da in ga haka a fuskarsa tun kafin ciwon gwiwar. Muka dasa tumatir fangali ashirin, duka irin da ya yafa.

A kwana na huɗu da dashe ya kira ni. Ya kafa kara a cikin ruwan ya yi masa alama, kuma abin da ke raguwa ya fi abin da yake ɗiba. Ya zagaya da ni bayan ramin ta gangare, ya nuna mini ƙasa ta yi damshi, har wata ciyawa ta fara tsirowa a wurin. Ya ce, "Zan kira Isuhu in ji ko haɗin ne ya buɗe."

Ya ciro waya. Na riƙe hannunsa na ce, "Yaya, kada ka kira shi. Ni ne." Na faɗa masa komai, iskar, da buhun, da tsallen da na yi, da facin da na yi a ɓoye.

Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya mai da wayar aljihu ya tsaya yana lissafi da ido, daga ramin zuwa fangali. Ni ma na san lissafin. Ba a ganin huji sai an kwashe ruwan an ɗaga ledar, in kuwa aka kwashe, kafin rijiya ta sake tara wani duk dashen ya ƙone. In aka bar ta haka, ruwan da ke tsayawa zai riƙe fangali goma sha biyu, ba zai riƙe ashirin ba.

Ya ce, "Da ka faɗa mini ran nan, Garba, kwana ɗaya za mu ƙara. Kai ka riƙe, ni in leƙa."

Na ce, "Na ji kunya ne, Yaya."

Ya ce, "Na sani."

Ya ɗingisa ya ɗauko fartanya, ya bi hanyar ruwan yana ƙirga fangali da bakinta, har ya kai na goma sha biyu. Ya tsaya a nan. Takwas ɗin da ke gaba su ne suka fi kyau, don ƙasar can ta fi taki, ganyensu ya miƙe shar. Ya ɗaga fartanyar zai sara, gwiwar ta ƙi ba shi sunkuyo. Ya sake gwadawa. Sai ya juyo ya miƙo mini ƙotar.

"Toshe mini nan," ya ce.

Na karɓa na ja ƙasa na toshe. Ruwan da ya riga ya wuce ya gangara ya shige fangali na goma sha uku, muka tsaya mu biyu muna kallonsa har ƙasa ta shanye.